Rasuwar Ɗan Hamsin, Gilashin Kyamarar Liya Abarshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin cikar tulun da ba ya ɗaguwa sai ya zuba, Liya 'yar marigayi Malam Abarshi, mai ɗaukar hoton biki a Samaru, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Samaru da Hanwa da Zabi da Chikaji da Sabon Gari rasuwar abokin aikinta, gilashin gaban kyamararta, wanda jama'a suka sani da suna Ɗan Hamsin. Rai ya yi halinsa a cikin kakar nan ta 1959, bayan jinyar da ya faro tun tsakiyar damina.

Saura kaɗan da ba ta rubuta wannan sanarwa ba. Karatunta a aji biyu ya tsaya, kuma ta san malaman makaranta da ɗaliban kwaleji za su tsaya a ƙofar coci su karanta, su ga duk inda alƙalaminta ya yi tuntuɓe. Ta san kuma za a ce 'yar Abarshi ta zare, tana makokin kwalba. Ta fara ta yage, ta sake farawa ta sake yagewa. Abin da ya sa ta daure shi ne, labarin rasuwar nan yana yawo a bakin rijiya da kasuwa ba yadda ya faru ba, ana kuma ambaton sunan wata dattijuwa a cikinsa da muryar da ba ta dace da ita ba. Liya ba ta iya tsayawa gaban mutane ta gyara zance. Kowa ya san ta, in an gaishe ta a hanya ƙasa take amsa wa. Takarda kuwa ba ta kallon mutum.

An haifi marigayi a Turai, a garin da ba a iya tantancewa ba, domin rubutun da ke kewaye da bakinsa ya goge, lamba hamsin kaɗai ta rage, ita ce kuwa ta zama sunansa. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya kama aiki a gonar gwaji ta Samaru, inda ya yi shekara da shekaru yana kallon ganyen auduga mai ciwo da zangarniyar dawa da tsutsa ta ci. Bai taɓa ƙorafi ba. Malam Abarshi ne ke ɗaukar masa jaka a lokacin, yana riƙe farin ƙyalle a bayan ganye, har ya koyi aikin da ido. Da Baturen da ke riƙe da kyamarar zai koma ƙasarsu, ya ga ta tsufa, sai ya bar wa Malam ita da gilashinta. Daga ranar marigayi ya bar kallon ganye ya koma kallon mutane, kuma Malam yakan ce tun daga nan ya ga hotonsa ya ƙara haske.

Ya yi wa Malam hidima a wajen baftisma da bikin aure da taron godiyar kaka, har gwiwoyin Malam suka fara ƙin tashi. Rannan Malam ya kira Liya, yarinyar da ta bar makaranta don malami ya ce ta miƙe ta yi karatu a gaban aji, ya ɗora mata kyamarar a cinya. Maƙwabta suka yi dariya har da riƙe ciki. Malam bai kula su ba. Ya ce, "Ga shi, Liya. Shi yana da ido, ba shi da ƙafa. Ke kina da ƙafa, kin ƙi ɗaga ido. Ku haɗu ku zama mutum guda." Bai ga damina ta gaba ba. Allah ya ji ƙansa.

Halayen marigayi Ɗan Hamsin ba ɓoyayyu ba ne. Ba ya ƙarya. Yadda ido ya ga mutum haka yake fitar da shi, bai ƙara wa kowa tsawo ba, bai rage wa kowa hanci ba, ko da an roƙe shi. Ba shi da nauyi, a tafin hannu yake zama kamar ƙwan zabuwa. Ba ya raina haske. Ɗakin amarya mai 'yar taga guda, wanda mutum zai shiga ya yi ta laluben tabarma, shi ɗan hasken da ya biyo ƙofa ya ishe shi, kamar maraya da loma.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a kan mamaci: marigayi yana da taurin kai. Ba ya kiran kowa, ba ya zuwa wurin kowa. In ana son fuska, sai a taka a je gabanta. In ana son dangin ango duka su shiga, sai a yi ta ja da baya. A wani biki a Zabi, Liya tana ja da baya don kawun ango na ƙarshen layi ya samu shiga, sai ta zauna daram a cikin ƙwaryar jiƙaƙƙen gero. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Har yau in ta shiga gidan biki a Zabi, mata sai su ɗaga murya, "A kawar da ƙwarya, ga mai hoto!" Ta yi fushi da shi ranar, ta kwana ba ta goge shi ba. Yanzu da za a dawo mata da shi, da ta zauna a kowace ƙwarya ta ƙasar Zazzau.

Bikin farko da suka je su biyu, a Hanwa ne, bikin Rhoda. Kowa ya san al'ada: amarya ba ta ɗaga kai. Tana barin gidan ubanta, ba a son a ga kamar tana murna, sai ta ja mayafi ta sunkuya. Masu hoto maza in sun zo sukan tsaya daga bakin ƙofa su yi ta cewa a ɗago, a yi murmushi, amarya kuwa sai ta ƙara nutsewa, a ƙarshe a biya hoton mayafi. Liya ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ta ga ana yi, ta leƙa, ta ga Rhoda 'yar mitsitsiya can ƙuryar ɗaki. Marigayi ya ƙi janyo ta. Dole ta taka, ta tsallake ƙafafun ƙawaye, ta je har gaban tabarma ta durƙusa. Sai ta shiga murza wuyan gilashi tana neman daidai, shi kuwa yana 'yar ƙararsa ta kullum, ƙiii, ƙiii, kamar ƙofar da ake buɗewa a hankali don kada a ta da jariri. Rhoda ta gaji da jira, ta ɗaga gefen mayafi ta leƙo ta ga ko mai hoton ta suma ne.

Ƙyas.

Wasu sun ce wannan ƙyas ɗin muryar kyamara ce, ba tasa ba. Liya ba ta musu. Ma'aurata na ƙwarai in sun daɗe tare, ba a rarrabe wanda ya yi maganar.

Da aka wanko hoton aka kai Hanwa, uwar ango ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka idonta yake! Mun kai kaya mun yi hidima, sai yau muka ga abin da muka auro." Daga nan aka fara aiko wa Liya. Ba ta taɓa ce wa amarya ta ɗago ba. Zuwa take yi ta durƙusa kusa, ta yi shiru, amarya ta yi shiru, masu kunya biyu suna jiran juna, har ɗaya ta leƙo.

Kuma tun da marigayi ba ya tafiya, a bakinta gafara ta zauna. Gafara dai, Baba. Sannu Inna, ɗan matsa kaɗan. Wanda ka ce wa gafara sai ya tambaye ka 'yar gidan wa, wanda ya san gidanku sai ya miƙo maka kunu, mai miƙo kunu wata rana sai ta miƙo jariri ta ce riƙe mini. Da haka yarinyar da ba ta iya gaida maƙwabcinta ta san sunan tsofaffin unguwa huɗu da ciwon da ke damun kowannensu. Zumunta a ƙafa take. Marigayi bai taɓa jin wannan karin magana ba, amma shi ya koya wa Liya ita.

Ciwon ajali ya fara ne a cikin ruwan Agusta, lokacin da bango ke gumi, gishiri ke narkewa a kwano. Hotuna suka riƙa fitowa kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace aka ɗauke su. Liya ta kai shi Sabon Gari wurin Baba Adebayo, mai shagon hoto wanda ke wanke mata hotuna tun zamanin Malam. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya nuna mata wasu siraran zare a can ciki kamar saƙar gizo. Ya ce, "Laima ce ta shige shi ta yi tsiro, 'yar Baba. Ki riƙa shanya shi a rana. Ba zai warke ba, amma ko Allah zai sa ya tsaya haka." Tun daga nan kullum rana ta fito, marigayi na kan faifai a bisa katanga, kusa da kuɓewar da Goggo Dinatu ke busarwa.

A nan ne Liya ke roƙon mai karatu ya natsu. Goggo Dinatu ƙanwar Malam Abarshi ce, ita ta goya Liya bayan rasuwar uwarta, gida ɗaya suke har yau. Ita ce mai kula da fitilun coci, kuma duk Samaru babu wadda gilashin fitila ke haske a hannunta kamar ita. Toka take tankaɗewa ta yi laushi kamar garin alkama, ta sa tsumma ta goge baƙin hayaƙi, har mutum ya rantse babu gilashi a wurin. Autarta Susanna za ta yi aure ranar Asabar mai zuwa. Goggo ta sha jin Liya tana ajiyar zuciya tana cewa hoton Susanna zai fito da hazo.

Wata safiya Liya ta tafi niƙa. Da ta dawo ta tarar da Goggo zaune a kan turmi, toka a gefenta, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Zo ki gani, 'yar nan. Na fitar miki da hazon nan. Sai da na maimaita, don abin naki akwai gardama." Ta miƙo shi. Fuskar marigayi ta yi fari fat kamar idon dafaffen kifi. Liya ta ɗaura shi a kyamara ta leƙa. Ba bango, ba bishiya, ba Goggo, sai haske kawai wanda ba shi da siffa. Ta murza wuyansa, ya yi ƙiii sau ɗaya, kamar mai sallama.

Ta rusuna kamar yadda ake yi in babba ya yi wa mutum alheri, ta shige ɗaki. Goggo ta bi ta da kallo, fara'ar tana gushewa kaɗan kaɗan. Kashegari Baba Adebayo ya tabbatar da rasuwar, labari kuma ya riga Liya isowa gida.

Tun daga ranar Goggo ba ta yarda sun haɗa ido ba. Tana fita tsinkar auduga tun kafin gida ya tashi, ba ta dawowa sai an rufe kaji. Ta aika wa matan coci su nemi wata mai goge fitila. Ta kuma ce kada a ɗauki hoto a bikin Susanna, wai wanda ya fasa ganga ba ya neman a yi masa kiɗa. Liya ta sha fitowa da niyyar magana, ta kai tsakar gida, sai ta juya ta ɗauki tsintsiya.

Don haka take rubutawa a nan, kowa ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa: Goggo Dinatu ba ta kashe Ɗan Hamsin ba. Ciwon yana can cikinsa inda hannu ba ya kaiwa, Baba Adebayo kuma ya ce da ma da wuya marigayi ya ga wata damina. Tokar nan da Liya ta share daga bisani, sau biyu aka tankaɗe ta, irin wadda ake yi wa fitilar gaban bagadi. Ba a tankaɗe toka sau biyu don mugunta.

Marigayi ya rasu ya bar matarsa, kyamara, wadda ke kwance a kan akwati da rami a fuskarta. In an danna ta har yanzu tana cewa ƙyas, amma babu kowa a bayan maganar. Ya bar murfinsa, wanda ya kwana da shi kowane dare, yanzu ba shi da wanda zai rufe. Ya bar jakar fata da igiyarta mai ƙulli, da ɗan ƙyallen da Malam ya yanko daga tsohuwar rigarsa don goge shi. Ya bar 'ya'ya da yawa, ba a san adadinsu ba, suna rataye a bangon ɗakuna daga Samaru har Sabon Gari, wasu a bayan gilashi, wasu an soke su da ƙaya, wasu a ƙasan akwati tare da zanen aure. A cikinsu akwai tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda jikokinsu ba su da wata fuska tasu sai wadda shi ya gani. Ya bar Liya.

Tun ba a share makoki ba aka fara yi mata maganar wanda zai gaje shi. Baba Adebayo ya sayi wani sabon gilashi a hannun wani Bature da ya dawo daga hutu, irin wanda ba a taɓa gani a garin nan ba. 'Yan shago suna kiransa Dogon Wuya. Shi ba a taka masa. A tsaye wuri ɗaya, in an ja wuyansa mutumin da ke can nesa sai ya taho har gaban ido, in an mayar, taro duka ya shigo. Ba ya zama a kan kowace kyamara sai tasa da ya zo da ita, wato in Liya ta zaɓe shi, gwauruwar marigayi ita ma akwati za ta shiga.

Akwai bikin 'yar Malam Filibus kafinta a Chikaji wanda Liya ta riga ta amsa, sai Baba ya ara mata shi. Ba za ta ci amanar baƙo ba, ya yi aiki. Ta samu gindin mangwaro a jikin danga ta tsaya, ba ta gusa ba har aka watse. Daga nan ta kamo kakan ango yana rawa da sandarsa a sama, ta kamo ƙanwar amarya tana kuka a bayan rumbu, ta kamo makaɗi yana satar tsokar nama. Marigayi bai taɓa samun irin waɗannan ba, domin kafin ta taka ta isa, rawar ta ƙare, hawayen an share. Nesa ta zo kusa. Ba ta ce wa kowa gafara ba, ba wanda ya tambaye ta gida, ba ta zauna a ƙwaryar kowa ba. Ba za ta ɓoye ba, ta ji daɗi. Abin da take roƙon Allah ke nan tun tana aji biyu, ta ga kowa, kada kowa ya gan ta.

Sai dai yana da nauyi, wuyanta ya kwana yana ciwo. Da ta hango ɗakin amarya ta ƙofa kuma ya ce haske bai ishe shi ba, sai da lokacin rakiya ya yi aka fito da ita tsakar gida. Liya ta janyo ta daga gindin mangwaro ta yi ta jira. Amarya ba ta san ana jiranta ba, ba ta leƙo ba.

Da ta kai hotunan Chikaji, uwar amarya ta baje su a tabarma tana ta yabawa, maƙwabta suna dariyar makaɗi. Ta ɗauki na 'yarta, mayafi ne mai kyau, kowane zare ya fito. Ta juya shi ta ajiye. Sannan ta dubi Liya ta ce, "Kai, sun yi kyau. Wa kika aiko ya ɗaukar miki? Mun ajiye miki tuwo har ya sandare, muka ce ko makokin nan ne ya hana ki zuwa."

Liya ta biya ta shagon Baba Adebayo a hanyar gida. Ya ce, "Zamani ne, 'yar Baba. Nan gaba irin wannan kowa zai riƙe. Ke da ba ki son a kalle ki, ai kamar don ke aka ƙera shi. Ki riƙe, mu riƙa aiki tare." Da ya ga tana murza bakin gyale, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon gilashi, baki a lotse, shi ma da lamba hamsin a jikinsa. Ya ce, "Ko kuma ga wannan. Dangin mamacin ne, zai hau kyamararki. Amma wuyansa ya fi na jaki tauri, kuma shi ma gurgu ne, sai kin ɗauke shi kin kai shi. Tafi da su duka biyu. Wanda ba ki so, ki dawo mini da shi."

Ga su nan a kan tabarma a gabanta da yammacin nan da take rubutu. Ɗazu Goggo ta dawo da wuri saboda hadarin da ya taso bai zuba ba, ta zauna a ƙofar ɗakinta can ƙetaren tsakar gida, ta juya gefe tana ɓarar gyaɗa. Liya ta ɗaga Dogon Wuya daga cikin ɗaki ta janyo ta. Ga Goggo nan kamar a taɓa, ga furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, ga hannun da ke ɓare gyaɗa yana zuba ƙwayar a cikin ɓawo, ɓawon a cikin kwano. Da wannan gilashi za a iya ɗaukar bikin Susanna kaf daga bayan danga, Goggo ba ta sani ba, ba sai kowa ya yi wa kowa magana ba. Liya tana cikin wannan tunani sai ta ga Goggo ta kai bakin zane ta share ido. Liya ta miƙa hannu ba ta sani ba. Ƙyauren nata ɗakin ta taɓa, ba Goggo ba.

Za a yi jana'izar marigayi ranar Juma'a da yamma, in rana ta yi sanyi, a gindin tsamiyar da ke bayan gidan Malam Abarshi a Samaru. Za a naɗe shi a tsohuwar hular Malam, a sa shi a gwangwanin shayi, murfinsa a fuskarsa. Ba a wahalar da Fasto ba, hidimar mutane ta ishe shi. Duk mai hoton da marigayi ya ɗauka, in da hali ya taho da shi, 'ya'ya su raka ubansu. Akwai kunun tsamiya. Ana roƙon kada a yi kururuwa, gidan biki ne kashegari, kada kuma a ambaci toka. Wanda zai ɗauki marigayi zuwa makwancinsa ba a tsayar ba tukuna. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

A nan sanarwa ta tsaya jiya. Liya ta ƙara wannan kafin a kai ta ƙofar coci.

Da gari ya waye ta naɗe Dogon Wuya da kyamararsa a zane mai tsabta, ta sa a jaka don mayarwa Sabon Gari da godiya. Ba laifinsa ba ne, zai yi wa wani amfani, wanda kusa ba ta yi masa wuya. Ta ɗauki tsohon mai lotsattsen baki ta ɗaura wa gwauruwar, tana neman afuwar jama'a a kan auren da aka ɗaura tun ba a binne miji ba. Ta fito. Tsakar gidan nan da take sharewa kullum ba ta taɓa yi mata faɗi kamar yau ba. Ta wuce tsintsiya ba ta ɗauka ba.

Goggo tana zaune a bakin ƙofa tana ɗaure kwandon auduga. Da ta ga inuwa sai ta sunkuya ta ja ɗankwali har gira. Liya ta je gabanta ta durƙusa.

"Goggo, ina kwana?"

Aka amsa wa ƙasa. Liya ta ɗaga kyamara ta shiga murza wuyan sabon ango. Baba Adebayo bai yi ƙarya ba, da ƙyar yake juyawa, yana gurnani, ƙurrr, ƙurrr. Zakara ya yi cara ya gama. Kaza ta zo ta leƙa kwandon ta wuce. Can Goggo ta gaji, ta ɗago ido ɗaya.

"Ke 'yar nan, wai me kike..."

Ƙyas.

"La ila! Da wannan tsumman zanen kika ɗauke ni? Ko fuska ban wanke ba!" Ta kai hannu za ta rufe fuska, hannun ya tsaya a hanya, ya sauka a kan kafaɗar Liya. Suka yi abin da ya kamata su yi tun ranar rasuwa. Da kukan ya lafa, Liya ta yi magana mafi tsawo da ta taɓa yi wa babba.

"Goggo, ke za ki ɗauke shi ran Juma'a."

"Ni? Ni da na..."

"Ke kika yi masa wankan ƙarshe, Goggo. Kuma ba a taɓa yi masa da irin wannan kulawa ba."

Saboda haka a gyara abin da ke sama. Goggo Dinatu ce za ta ɗauki marigayi zuwa gindin tsamiya. Ta ce a gaya wa matan coci su kawo fitilunsu yau, ta ga yadda suka yi baƙi ta taga, abin kunya ne. Ta kuma yi alkawari a gaban Liya da kajin gida cewa ko sabon ya yi hazo kamar ƙasan tukunya, ba ruwanta.

Za a ɗauki hoton Susanna ranar Asabar. Dangi suna da yawa, mai hoto za ta ja da baya. A kawar da ƙwarya.